Darasi: Yadda Ake Gane Jikin da Ba Ya Jituwa da Dafin Zuma da Rina

Da wuya a sami wanda ya girma a ƙasar Hausa bai taɓa shan harbin zuma ko rina ko cinnaka ba. Manomi yana gamuwa da su a gona, makiyayi a gindin bishiya, mata a bakin rijiya da bazara, lokacin da ƙishirwa ke tara zuma a duk inda akwai danshi. Yara kuwa su ke zuwa da ƙafarsu, su jefi sheƙar rina su ruga. Yawancin mutane sukan ji raɗaɗi, wurin ya kumbura, kafin gari ya waye ya sace. Amma akwai 'yan kaɗan da harbi ɗaya tak kan iya raba su da duniya cikin rabin awa. Binciken da aka yi a Turai da Amurka ya nuna kimanin manya 3 cikin 100, da yaro 1 cikin 100, sun taɓa samun bori a jiki duka bayan harbi. A Amurka an ƙirga mutum 1,109 da harbin zuma da rina ya kashe tsakanin 2000 da 2017, kuma kusan kashi 80 cikin 100 maza ne.

Wannan darasi zai koya muku yadda ake ware waɗannan 'yan kaɗan daga sauran jama'a. Akwai gwajin fata, akwai na jini, za mu zo kansu. Sai dai likita ba ya farawa da su. Yana farawa da labarin abin da ya faru, kuma labarin nan yana hannun wanda ya gani da idonsa: uwa, miji, maƙwabci, abokin aiki a gona.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Dafin waɗannan ƙwari yana sa zafi da kumburi a jikin kowa. Wannan aikin dafi ne. Rashin jituwa kuwa daga jikin mutum yake fitowa. Idan aka harbi wasu mutane, garkuwar jikinsu takan ƙera wani sinadari da ake kira IgE, wanda aikinsa shi ne shaida dafin wannan ƙwaro. Sinadarin yakan manne a kan wasu ƙwayoyin halitta masu suna mast, waɗanda ke zaune a fata da hanyar numfashi da hanji da gefen jijiyoyin jini. Ranar da dafin ya sake shigowa, ƙwayoyin sukan fashe su zubar da histamin da makamantansa lokaci guda. Jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsiyaye daga cikinsu, ƙarfin jini ya faɗi, hanyar iska ta tsuke. Kamar maigadi ne da ya taɓa ɗaukar wani baƙo a matsayin ɓarawo: ranar da baƙon ya sake giftawa sai ya tada unguwa gaba ɗaya, ɓarnar da za a yi a guje-guje ta fi wadda baƙon zai iya yi.

Wasu masana biyu 'yan Faransa, Charles Richet da Paul Portier, su suka fara bayyana wannan a 1902. Sun yi wa karnuka allurar dafin wata halittar teku da nufin su saba da shi. Bayan makonni da aka sake ba su ɗan kaɗan, maimakon su jure sai wasu suka faɗi suka mutu nan take. Suka raɗa wa abin suna anafilaksis, aka kuma ba Richet kyautar Nobel a 1913.

Saboda haka maganar nan ta "ai an sha harbina ban ji komai ba" ba ta kare kowa. Harbin baya shi ke shirya jiki. Kusan rabin waɗanda harbi ya kashe ba a taɓa sanin suna da matsalar ba. Masu amya suna cewa shan zuma sai da harbi, kuma gaskiya ne wanda ake harbi sama da sau 200 a shekara jikinsa yakan saba. Amma mai ɗibar zuma jefi-jefi, da matarsa da 'ya'yansa da ake harbi sau ɗaya ko biyu a shekara, sun fi wancan shiga haɗari.

Kumburi iri-iri ne

Na farko shi ne wanda kowa ya sani: raɗaɗi, ƙaiƙayi, ɗan kumburi a wurin harbin, ya wuce cikin awoyi. Ba ya bukatar komai sai cire ƙarin, wanke wurin, da ɗora tsumma mai sanyi.

Na biyu shi ne babban kumburin wuri ɗaya. An harbi mutum a yatsa, washegari hannun ya kumbura har gwiwar hannu. An harbi yaro a goshi, ya wayi gari idanu a rufe. Likitoci suna sa kumburi a wannan aji idan faɗinsa ya haura santimita 10, wato ya fi tafin hannun babba, ya kuma wuce kwana ɗaya. Yakan kai ƙarshen girmansa a kwana na biyu, ya ɗauki kusan mako kafin ya sace. Wannan shi ya fi tada wa iyaye hankali, alhali haɗarinsa kaɗan ne. Cikin mutum 100 masu irin wannan kumburi, waɗanda za su yi borin jiki duka a harbi na gaba ba su cika wuce 10 ba, kuma yawancinsu mai sauƙi ne. Ana yawan ɗaukarsa a matsayin ƙwayar cuta ta shiga, a je kemis a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a banza. Kumburin da ya fara cikin awoyi kaɗan yana ƙaiƙayi, na dafi ne. Wanda ƙwayar cuta ke kawowa yakan zo bayan kwanaki, da zogi da zazzaɓi, wani lokaci da mugunya. Wuri ɗaya ne kumburin dafi ke zama na gaggawa: idan harbin a cikin baki ko maƙogwaro ne, kamar wanda ya kurɓi lemo daga kwalbar da zuma ta shiga, ko ya ciji mangwaro da rina a jiki. Nan kumburin kansa na iya toshe numfashi, sai asibiti ba tare da jira ba.

Na uku shi ne abin da darasin nan ya fi damuwa da shi, kuma alamarsa ɗaya ce da ya kamata kowa ya haddace: abu ya bayyana a wani sashen jiki da babu abin da ya haɗa shi da wurin harbin. An harbe shi a ƙafa, sai tafin hannu da hamata da fatar kai suka kama ƙaiƙayi. Borin jini ya fito a ciki da baya, jiki ya yi ruɗu-ruɗu. Leɓe da fatar ido suka kumbura. Idan ya tsaya a fata kawai, mai sauƙi ke nan. Idan ya wuce fata, ya zama anafilaksis: murya ta dishe, haɗiyar yawu ta gagara, tari, numfashi yana fito, ciki ya murɗa, amai ko gudawa, jiri, ganin duhu, faɗuwa. Wasu matan sukan ji ciwon mara irin na al'ada. Wasu sukan ce suna jin kamar mutuwa za su yi tun kafin a ga komai a jikinsu, kuma bai kamata a ɗauki wannan magana a matsayin raki ba. Yawanci abin yana farawa cikin minti 5 zuwa 30, kuma gwargwadon saurin farawarsa gwargwadon tsananinsa.

Littattafan likitanci da yawa suna cewa a duba ko fata ta yi ja. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Ku shafa da hannu, ku haska tocila daga gefe, za ku ji tudun borin ku gan shi. Ku duba cikin leɓe da harshe: idan sun yi fari fat ko sun koma ruwan toka, jini ko iska ba ya isa.

Akwai na huɗu, wanda ba rashin jituwa ba ne ko kaɗan. Idan taron zuma ya far wa mutum, harbi hamsin, ɗari, ko fiye, yawan dafin kansa guba ne. Zumarmu ta Afirka ta fi ta Turai saurin fushi da bin mutum da nisa, shi ya sa irin wannan ke faruwa a wurinmu. Dafin yana lalata tsoka da ƙwayoyin jini, ƙoda ta kasa aiki. Mutum na iya zama kamar ya warware, bayan kwana ɗaya ko biyu fitsari ya yi duhu ya ragu. Ƙaramin yaro da tsoho ba sai harbin ya kai haka yawa ba. Duk wanda taro ya harba a kai shi asibiti ko yana tafiya da ƙafarsa.

Labarin da za ku ba likita

Tambayar farko ita ce mene ne ya yi harbin. Zuma tana barin ƙarinta a fata da 'yar jakar dafi a maƙale, ita kuma ta mutu. Rina da zirnaƙo ba sa barin ƙari, kuma ɗaya na iya harbi sau da yawa. Wurin da abin ya faru ma shaida ne: kusa da amya, ko a kogon kuka, ko a ƙarƙashin rufin ɗaki inda rina ke rataye sheƙarta. Idan an kashe ƙwaron a ƙulle shi a leda a tafi da shi. Kada a raina tururuwa. Akwai wata baƙar tururuwa mai harbi irin cinnaka, wadda masana suka sa mata suna daga garin Sennar na Sudan, a Saudiyya kuma ana kiranta samsum. Ta sha kai mutane asibiti da anafilaksis a ƙasashen Larabawa, don haka mahajjaci ko mai zaman aiki a can ya san da ita.

Sai lokaci. "Da jimawa kaɗan" ba ya taimakon likita. Ku ce an harbe shi ana kiran la'asar, kafin a idar da salla leɓensa ya kumbura. Ku jera alamun yadda suka biyo juna. Ya suma? Fitsari ya kuɓuce masa? Ya iya magana? Me aka ba shi, ƙarfe nawa, kuma ya ji sauƙi? Idan akwai waya a ɗauki hoton borin da kumburin, domin sau da yawa kafin a isa asibiti fata ta koma daidai, malamin asibiti bai ga komai ba.

Likita zai tambayi harbin da aka yi a baya da abin da ya biyo bayansa, da sana'ar mutum, da cututtukan da yake fama da su. Fuka da ciwon zuciya suna ƙara tsananin abin. Wasu magungunan hawan jini da na zuciya suna iya rage tasirin allurar ceto ta adirenalin, don haka a tafi da kwalayen magani duka, amma kada wanda ya daina shan maganinsa sai likita ya ce.

Abu ɗaya yana rikita mutane, shi ne suman tsoro ko na zafi. Mai irin wannan suma yakan yi gumi, bugun jininsa ya yi sanyi-sanyi, da an kwantar da shi ya farfaɗo cikin minti ɗaya ko biyu, babu ƙaiƙayi babu kumburi. Mai anafilaksis bugunsa yakan yi sauri amma babu ƙarfi, kuma kwanciya kaɗai ba ta dawo da shi. Idan kun kasa bambancewa, ku ɗauka mai tsananin ne.

Yaro daban, babba daban

A wurin yara, kimanin 6 cikin 10 na borin jiki duka a fata yake tsayawa. Yaron da borinsa ya tsaya a fata, haɗarin ya sake yi a harbi na gaba kusan 1 cikin 10 ne, kuma da wuya ya fi na farko muni. Irin wannan yaro galibi ba ya bukatar gwaji ko allurar sabo da dafi, wadda za mu zo kanta. Amma yaron da ya kasa numfashi ko ya faɗi, kada a ce zai girma abin ya bar shi. Wani dogon bincike da David Golden da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Johns Hopkins, aka buga a 2004, ya bi sawun yara shekara 10 zuwa 20. Cikin waɗanda suka yi bori mai ƙarfi ba a yi musu allurar sabo ba, kusan 1 cikin 3 sun sake yi da aka harbe su, wasu har sun zama manya.

Ƙaramin yaro ba zai ce maƙogwaronsa ya tsuke ba. Uwa ce za ta ji kukansa ya sauya ya dishe, ta ga yawu na dalala, yana sosa kunne da wuya, yana amai, ko ya yi laushi ya daina wasa farat ɗaya.

Manya abin ya fi yi wa illa. A wurinsu bori ba ya cika tsayawa a fata, ya fi taɓa jini da zuciya. Babban da ya taɓa yin anafilaksis, gwaji kuma ya tabbatar, haɗarin maimaitawa yana kai kusan rabi. Dattijo na iya yanke jiki ya faɗi babu ko tudun bori ɗaya a fatarsa, a ce hawan jini ne ko zafin rana, ba wanda ya tuna da zumar da ta harbe shi minti goma da suka wuce. Faɗuwa ba tare da bori ba alama ce da likita ke ɗauka da muhimmanci, domin tana iya nuna wata cuta da ke sa ƙwayoyin mast su yi yawa a jiki.

Gwajin fata da na jini

Ana yi wa wanda ya yi borin jiki duka gwaji, musamman wanda abin ya wuce fata. Ba a yi wa mai lafiya don kawai yana tsoro, ko don ɗan'uwansa yana da matsalar. Dalili shi ne, idan aka gwada manya masu lafiya, kusan 1 cikin 5 za a sami IgE na dafi a jininsu, alhali ana harbinsu babu abin da ke faruwa. Takardar gwaji ita kaɗai ba ta mai da mutum mara lafiya.

A gwajin fata ana ɗiga dafin da aka tsarma da ruwa sosai a damtse, a ɗan soki fatar. Idan babu abin da ya fito, sai a shigar da ɗigo ƙarƙashin fata da siririyar allura, ana ƙara ƙarfinsa mataki-mataki. A gefe ana sa ruwan gishiri da histamin don kwatantawa. Bayan minti 15 zuwa 20 ake auna tudun da ya tashi. Dole a daina shan maganin ƙaiƙayi irin su Piriton kwanaki kafin ranar, in ba haka ba fatar ba za ta nuna komai ba. Lokaci ma yana da ƙa'ida: a kwanakin farko bayan bori jiki yakan yi shiru, gwajin ya fito babu komai. Shi ya sa ake jira mako 4 zuwa 6, ko a maimaita idan an yi da wuri.

Gwajin jini yana auna IgE na dafin zuma daban, na rina daban, kuma maganin ƙaiƙayi ba ya ɓata shi. Sau da yawa yakan nuna duka biyun saboda dafin suna da kamanni, sai a koma ga labari, ko a yi gwajin da ke duba sinadaran dafin ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma gwajin tiriftes, wani sinadari da ƙwayoyin mast ke zubarwa. Idan aka ɗebi jini cikin awa 1 zuwa 3 da fara bori, aka sake ɗiba bayan mutum ya warke da aƙalla kwana ɗaya, bambancin yana tabbatar da cewa anafilaksis ne. Idan ya zauna a sama ko mutum yana lafiya, sai a binciki waccan cutar ta ƙwayoyin mast.

Girman tudun da ya fito a fata, ko yawan lambar da ke takarda, ba ya nuna yadda bori na gaba zai yi tsanani. Abin da ya faru a harbin baya ya fi su iya faɗa. Kuma kada wanda ya kama zuma ya ɗora a jikinsa don ya gwada kansa.

Kayan waɗannan gwaje-gwaje suna da tsada, kuma ba su wadata a ƙasashenmu ba. Wanda aka tura sai ya tambaya a manyan asibitoci, kamar asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato, ko babban asibitin Yamai. Akwai kuma wani giɓi. Zumarmu jinsi ɗaya ce da ta Turai, don haka gwajinta yana aiki a kanmu. Amma dafin rinar da kamfanoni ke sarrafawa na rinar Turai da Amurka ne, da yawa daga cikin namu kuwa wasu jinsuna ne. Mutumin da rina ta harba ya shaƙe ya faɗi, gwaji ya fito babu komai, a ganina laifi ne a sallame shi a ce lafiyarsa ƙalau. A rubuta a katinsa cewa ya yi anafilaksis, a kula da shi a kan haka.

Bayan an gane

Maganin anafilaksis adirenalin ne, allura a tsokar cinya ta waje, miligiram 0.5 ga babba, yaro kuma gwargwadon nauyinsa, a maimaita bayan minti 5 idan babu sauƙi. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba shi da tsada a kwalba. Maganin ƙaiƙayi ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jinin da ya faɗi. Kafin a isa asibiti a cire ƙarin da sauri ta kowace hanya, a kwantar da mutum a ɗaga ƙafafunsa, mai ciki a kan gefen hagu, mai fama da numfashi a jingine. Kada a miƙar da shi tsaye ko a sa shi tafiya, kada kuma a ɗura masa manja ko madara. Ko ya farfaɗo a bar shi a asibiti na awoyi, domin borin kan dawo.

Wanda aka tabbatar yana da matsalar ya sanar da iyalinsa da abokan aikinsa, ya san wane asibiti mafi kusa ne ke da adirenalin. Akwai allurar da mutum ke yi wa kansa, irin su EpiPen, ga wanda ya samu. Akwai kuma allurar sabo, inda ake ba jiki dafin kaɗan-kaɗan na shekara 3 zuwa 5. An tabbatar da amfaninta a 1978, kuma tana kare sama da mutum 9 cikin 10 daga dafin rina, kimanin 8 cikin 10 daga na zuma.

Aikin aji

Ku kasu gida uku, kowane rukuni ya ɗauki labari ɗaya. Ga yarinya 'yar shekara 6 da rina ta harba a kunci jiya, yau ido ɗaya a rufe, amma tana cin abinci tana wasa. Ga matashi mai taya mahaifinsa ɗibar zuma, an harbe shi a wuya, bayan minti 10 borin jini ya rufe masa baya, muryarsa ta dishe. Ga dattijo ɗan shekara 65 mai shan maganin hawan jini, zuma ta harbe shi a hannu a bakin masallaci, ya ce yana ganin duhu, ya zauna dirshan, fatarsa babu komai. Kowane rukuni ya faɗi wane irin kumburi ko bori ne, me za a yi a minti biyar na farko, kuma wa ke bukatar gwaji. Sannan mutum ɗaya ya zama malamin asibiti, wani ya zama ɗan'uwan mara lafiyar, ya ba da labarin daga lokacin harbi zuwa isowa asibiti, sauran aji su faɗi abin da ya manta.